Ranar Da Na Kawo Besbol Tandabawi

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin bikin Sani ba, ko da ma ina so in manta, akwai tsofaffi a Tandabawi, unguwarmu a Makka, da ba za su bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa Makka daga gabashin ƙasar ba, inda na yi shekara biyu ina tuƙa wani Ba'amurke a kamfanin mai. Garinsu na kan iyaka da Meziko, kuma ba shi da zance sai na besbol (wasansu ne, a jefo maka 'yar ƙwallo mai tauri, ka make ta da sanda ka ruga). Abin da ke ci masa rai mutanen Meziko ne. Wai ga su maƙwabta, tun kakanni suna ganin wasan masu hankali, amma ko gwangwani ka jefa musu sai su bi shi da shuri. "Allah ya ba mutum hannu," in ji shi, "amma ya zaɓi wasan jaki."

Ni ban taɓa ganin ɗan Meziko ba, ban ma san ta ina ƙasar take ba, amma raini na ɗauka na ɗora musu har ya fi nasa. Ranar sallama ya ba ni sanda da ƙwallo da wata safar hannu ta fata mai kama da kunnen giwa.

To ranar bikin Sani, ɗan kawuna, samari suka fito filin bayan gidaje da tamaularsu, dattawa na kan tabarma suna shan shayi. Na ratsa tsakiyar fili, na taka musu ƙwallo.

"Khalas, ya isa haka! Wannan wasan 'yan Meziko ne. Yau za ku ga wasan mutane."

Bukari, abokina tun yarinta, ya ce, "Su wane ne 'yan Meziko, ya shaikh? Alhazai ne?"

Na yi masa kallon tausayi, na soma bayanin dokoki. A nan ne na gano, a gaban rabin unguwa, cewa ban san su ba. Shekara biyu ina kallon wasan, amma daga cikin mota, ina jiran a tashi (galibi ma ina gyangyaɗi). Na dai ce wane tsaya nan, wane tsaya can, na zura safar, na ɗauki sanda, na miƙa wa Bukari ƙwallon.

Ya jefo, na kai duka, na daki iska. Ya sake, iska. Na fara jin dariyar mata ta tagogi. A na uku na tattara ƙarfina kaf, na runtse ido, na juya. Ƙwallo ta wuce abinta. Sandar ce ta tafi. Ta kuɓuce mini, ta yi sama tana juyi, ta dira cikin tiren shayi a gaban Kawu Isiyaku, uban ango. Kofuna suka tarwatse, farar rigar da ya ɗinka don ranar ta koma ja.

Kawu ya daɗe yana duban rigarsa. Sannan ya ɗago. "Esh hada, mene ne wannan, ɗana? An ci ke nan, ko akwai saura mu tashi?"

Wuri ya kaure da dariya. Na ba da haƙuri ina in'ina, na koma gefe. Samari suka ci gaba da tamaularsu kamar ba a taɓa haihuwata ba.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Can sai ƙwallonsu ta gangaro wajena. Wallahi ban yi shawara da ƙafata ba. Ta tare, ta zille wa mutum biyu, ta ɗirka, ƙwallo ta shige tsakanin duwatsun da suka zama raga. Sai ga ni ina tsalle ina ihu, na rungume Bukari, safar nan har yanzu a hannuna.

Ya bari na gama tukuna, sannan ya ɗaga murya. "Jama'a, ku shaida! Bakinsa ne kawai ya je Amurka, ƙafar tana nan Tandabawi."

Tun ranar na koyi cewa in za ka aro raini a wurin wani, ka fara duba ko ka iya abin da yake taƙama da shi. Ban ƙara zagin mutanen da ban taɓa gani ba. Waɗanda na sani kawai nake zagi yanzu, su ma ba ranar biki ba.