Ranar da Baba Na-Sallama Ya Kama Sitiyari

Duk ikkilisiyar babu wanda ya kai Baba Na-Sallama miƙa wuya ga Ubangiji. Shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma wa zai fi shi sani? Dattijon coci ne, mai kujerar gaba daidai saitin fanka. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ɗaga ido sama ya ce, "Ni dai na sallama komai a hannun Yesu." Daga nan sunan ya bi shi.

Abin da bai sallama ba ɗan kaɗan ne: makullin sito, rimot ɗin talabijin, yawan gishirin miya, da waƙar da mawaƙa za su fara da ita. In yana addu'ar safe da iyali, sai ya ce, "Ubangiji, yadda ka so haka za a yi," sannan ya shiga yi wa Ubangiji bayanin yadda ya kamata ya so, har shayi ya huce.

Da idonsa ya fara hazo, likita ya hana shi tuƙi, babbar 'yarsa ta karɓi motar. Ana haka fasto ya ba shi wa'azin Lahadi, a makon da za a zaɓi shugaban dattawa. Baba ya sha fararen kaya, ya hakimce a kujerar gaban mota, Mama matarsa a baya.

"Rage gudu. A'a, ƙara, za mu makara. Wa ya koya miki taka birki haka?"

"Baba, ina ganin hanya."

A kwanar coci ya hango wani abu baƙi, ya tabbata babur ne ya yo kansu. Leda ce iska ta kwaso. Kafin 'yar ta buɗe baki, ya damƙe sitiyari ya murɗa. Mota ta gangara kwata, ta zauna. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai Baba ya fito ta ɓangaren ruwan. Mawaƙa suka bar waƙa suka zo turi.

Da wani ne, da ya koma gida. Baba kuwa ya hau gaban jama'a, wandonsa na ɗiga.

"'Yan'uwa, ku dube ni da kyau! Ga mutumin da aka tsamo daga bakin mutuwa. Don me? Don na bar wa Mai Sama komai! Da motar nan ta ƙwace, hannun Ubangiji ne ya riƙe sitiyari!"

Aka ɗauki tafi. Daɗi ya kama fasto, ya kira 'yar ta zo ta ƙara shaida. Ta karɓi makirufo, ta ɗan rusuna.

"Gaskiya Baba ya faɗa. Ubangiji na riƙe, ni ma ina riƙe. Hannu na ukun ne ya kai mu kwata."

Daga layin mata, Mama ta ce, "Amin!"