Yadda Za Ka Gina Manhajar Da Ba Mai Iya Gyara Ta Sai Kai

Ɗan'uwa, matso kusa. In sana'arka gina manhajojin intanet ce a wani ƙaramin kamfani, kuma ka fara jin ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata, kwantar da hankalinka, ka zo wurin mai magani. Shekarata tara a ofis ɗaya. Sau uku ana sallamar mutane a gabana, an kwashe waɗanda suka fi ni ilimi, an kwashe waɗanda suka fi ni sammako, ni ko ƙwarzane. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari ba manajan da zai iya korarka, ko da ganinka kawai yana tayar masa da hawan jini.

Mataki na 1: San tsarin, don ka san inda za ka karya shi

Manyan sana'ar nan sun ce a raba kowace manhaja gida uku, tsarin da suke kira MVC. Akwai ma'ajiya, inda bayanai da ƙa'idojinsu suke zama. Akwai fuska, wato shafin da mutane ke gani suna latsawa. Sai kwantarola, ɗan aike a tsakaninsu: ya karɓi buƙata daga fuska, ya kai wa ma'ajiya, ya dawo da amsa. Wai an yi haka ne don kowa ya zo ya buɗe aikin ya gane inda komai yake.

Ka ji fa. Kowa ya zo! Wato har da mutumin da za a ɗora kan kujerarka ranar da aka miƙa maka takardar sallama. Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin nan da alama ba su da iyali a wuya.

Mataki na 2: Ciyar da kwantarola har ya kasa tashi

Littafi ya ce kwantarola ya zama siriri. Rabu da littafi. Manhajar da ni na gina ta wani asibiti ce mai zaman kansa, marasa lafiya na shiga su zaɓi likita da ranar ganinsa. Komai na tura cikin kwantarola guda: binciken bayanai, lissafin ranakun hutu, tura saƙon tes, har launin maɓalli. Layi dubu goma sha ɗaya. In na buɗe fayil ɗin, fankar kwamfutata takan hau kuka har na teburin gefe su waigo.

Ma'ajiya kuwa bar ta wayam. Layi uku ya isa, don in manaja ya leƙo ya ga akwai ta.

Mataki na 3: Binne ƙa'ida inda mai hankali ba zai duba ba

Likitan haƙorin asibitin nan ba ya zuwa ran Talata. Mai tarbiyya zai rubuta wannan ƙa'ida a ma'ajiya. Ni na binne ta a fuska, cikin ɗan fayil ɗin da ke nuna lambar wayar asibiti a can ƙasan shafi.

Da asibitin ya sauya lamba, wani abokin aikina, bawan Allah mai son taimako, ya buɗe fayil ɗin ya share abin da ya ɗauka tarkace ne. Ran Talata mutum arba'in suka cika barandar asibiti, kowa dafe da kumatu, babu likita. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kusantar aikina. Shi kuwa mai son taimako, yana cikin waɗanda aka sallama a zagaye na biyu, Allah ya ba shi mafi alheri.

Mataki na 4: Raɗa sunaye masu rufin asiri

Kada ka kira abu da sunansa. Nawa ga su: abu, abu2, abu_sabo, abu_sabo_na_gaskiya, da kada_a_taba. Bayani a gefen layi kuwa, haram. Guda ɗaya tal na taɓa rubutawa, shi ma cewa na yi: "Yana aiki, a bar shi."

Mataki na 5: Kada ka gyara da sauri

Matsalar haƙorin nan, minti huɗu ya ishe ni. Amma wawa ne ke gyara a minti huɗu. Na cire tabarau, na murza ido, na ja dogon tsaki, na tsura wa allo ido awa biyu. Manaja na tsaye a kaina yana share gumi.

"Injiniya, yaya ake ciki? Matar mai asibitin ta kira ni sau shida."

"Yallaɓai, abin ya yi zurfi. Amma ka je ka zauna, zan yi iya ƙoƙarina."

Da na gyara, da kansa ya haɗo mini shayi. Ka riƙe wannan: ba a yaba wa wanda aikinsa bai taɓa lalacewa ba, domin ba wanda ya san yana nan.

Mataki na 6: Yi maganin masu tsafta

Ko ba jima ko ba daɗe, za a ɗauko wani mai son gyara duniya. Mu mace aka kawo mana, muka sa mata Mai Jan Biro, saboda takan buga aikin mutum a takarda ta bi shi layi-layi tana zagayewa. Ranar da ta buga kwantarolana, takardar ofis ta ƙare. Ta zo teburina rungume da tulin.

"Yaya, don Allah me ya kawo ranakun hutun likitoci cikin wurin sauya kalmar sirri?"

"Ƙanwata, akwai tarihi."

"To ka ba ni sati uku in raba su, kowa ya koma ɗakinsa. Kai ma ka huta."

Ka ji wata sabuwa, wai in huta! Kada ka yi musu da irinsu. Ka ce to, ka ba ta hanya. Ta matsar da layi ashirin kacal, sai manhaja ta fara tura wa tsofaffi maza saƙon tunin awon ciki. Wani dattijo ya zo asibiti da sandarsa yana neman wanda ya yi masa wannan cin mutunci. Washegari manaja ya ɗauke ta daga kaina, ya ba ta sabuwar manhajar wani kantin magani ta gina daga tushe.

Ta gina ta tsaf yadda littafi ya ce, komai a ɗakinsa, da bayani, da gwaji. Har ta zaunar da mutum biyu ta koya musu. Da ta tafi hutun sati biyu, ko sau ɗaya ba a kira ta ba. Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce wa manaja, "Yallaɓai, ka lura kuwa ba wanda ya yi kewarta?" Ya dube ni ya ce ya lura.

Mataki na 7: Saba da ƙarar waya

Nasara tana da ɗan nauyi. Wata Asabar da hantsi ina wurin mai aski, an aske rabin kaina, waya ta yi ƙara. Haka na shiga ofis da hular mai askin. Ranar da 'yata ta karɓi kyauta a makaranta, ina cikin mota a ƙofar makarantar da kwamfuta a cinya, tafi kawai na jiyo. Maiɗakina ta leƙo ta taga.

"Baban yara, wai kai kaɗai ne ma'aikaci a kamfanin nan?"

Ka amsa da alfahari. Ni ma haka na yi, sai dai ba ta yi murmushi ba.

Mataki na 8: Karɓi sakamakonka

Bara kamfani ya buɗe kujerar shugaban sashe: ofis mai ƙofa, ƙarin albashi, hutu cikakke. Na sa riga mai guga, domin duk sashen ba wanda ya kai ni daɗewa. Manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa.

"Injiniya, a ƙa'ida kujerar nan taka ce. Amma in na ɗaga ka, wa zai riƙe manhajar asibiti?"

"Sai in koya wa wani, Yallaɓai."

"Madalla. Wata nawa zai ɗauka?"

Na hau ƙirge da yatsu, lissafi ya ƙi ƙarewa. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, rabin fayil ɗin nan ni kaina na daina gane shi tun shekara huɗu da suka wuce. Lallaɓa shi nake yi ina addu'a.

"Ka gani?" in ji shi. "Mai Jan Biro aikinta yana tafiya ko ba ta nan, ita zan iya ɗagawa. Kai kuwa kamfanin nan ba zai iya rabuwa da kai daga teburin nan ba, ko na kwana ɗaya."

Shekara tara ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa. Da na ji ta, wallahi ta yi mini ciwo. Na koma teburina, na zauna, na buɗe fayil ɗin.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da zai biyo baya: furfura, gyambon ciki, fushin iyali, ko zama wuri ɗaya har ƙarfinka ya ƙare. Alkawarin ba za a kore ka ba na yi maka, ban yi maka alkawarin za ka je ko'ina ba. Mai ƙorafi ya same ni a ofis, kullum ina nan har Asabar. Takardar neman hutuna tana kan teburin shugabar sashe, Mai Jan Biro, wata bakwai ke nan. Har yanzu Yaya take ce mini, kuma ta ce a shirye take ta sa hannu, ranar da na kawo mata sunan mutum ɗaya da zai iya zama a madadina.