Tagar da Na Fasa wa Inna

Ba zan taɓa mantawa da hunturun da na fasa wa mahaifiyata taga ba, a shekarun nan da aka fara shari'a. Lokacin na dawo Daura hutu bayan shekara da shekaru ina yawon aiki: Jidda, Kartum, Yamai, Ikko. Na dawo da Larabci da Faransanci a baki, da kuma wata cuta da ba ta da magani a asibiti, wato ganin kowa bai waye ba sai ni.

A Jidda na yi aiki a wani ofis mai bangon gilashi, inda fitilu ke mutuwa da kansu da zarar hasken rana ya shigo. (Abin da ban kula ba, na'urar sanyaya ɗaki ce ke ta gurnani a can wuni guda.) Sai na shiga ɗakin Inna, ginin ƙasa mai kaurin bango, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama. Ga ta da tsakar rana tana tsintar wake a gaban fitilar ƙwai, don wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa.

Na ce, "Inna, a riƙa ƙona kananzir, ga rana Allah ya ba mu kyauta?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni ne ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta musu da ni, ko idona ba ta cika kallo ba. Ni kuwa, sarkin wayewa, na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Na kira Malam Ɗanjuma magini, tsohon da ke yi wa ɗakin yaɓe tun ina yaro, na nuna masa bangon yamma.

"Alhaji, yamma fa?" in ji shi. "In rana ta karkata, nan take sauke kayanta. Bari mu fasa ta arewa, 'yar daidai."

"Malam, ka taɓa fita Daura kuwa?"

"Na je Mashi sau biyu," ya ce. "Can ma yamma rana take faɗuwa."

Na yi dariya, na sa ya fasa. Aka kawo gilashi daga Kano, faɗinsa ya kusa ƙofar zaure. Na koma Ikko ina jin na yi wa uwata abin da ba a taɓa yi ba.

Bayan wata uku na dawo. Ranar Juma'a da la'asar na ja abokaina biyu, wai su gaishe da Inna. (Ƙarya nake, tagar nake so su gani.) Ina ɗaga labule zafi ya doke mu kamar an buɗe tanda. An toshe gilashin da tabarma biyu da tsohon bargo, ɗakin ya fi yadda yake a da duhu, gado kuma ba shimfiɗa.

Ƙanwata Hajara ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ai tun shigowar zafi ta koma ɗakin da muke ajiye gero. Na ce zan aika maka, ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Wai kada a ce ka yi abu ta raina."

Can muka same ta, a kan tabarma tsakanin buhuna, wuyanta duk ƙurajen zafi. Ɗaya daga cikin abokan nan, don ya rufa mini asiri, ya ce, "Inna, an samu haske."

Ta kau da kai ga bango. "Ɗan nan ya yi ƙoƙari. Allah ya yi masa albarka."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na aika a kira magini, aka ce ya tafi gonarsa ta Sandamu, sai bayan shuka. Ni kuma kunya ta hana ni sa wani ya gyara abin da aka gargaɗe ni a kai. Kafin ya dawo, Inna ta rasu a ɗakin geron nan, ba a ɗakin da aka kawo ta amarya ba.

Yanzu jikokina kan yi mini dariya, wai ko kujerar mutum zan matsar sai na tambaye shi sau uku. Nakan bar su. Na dai koya, a makare, cewa in za ka yi wa tsoho alheri a ɗakinsa, ka fara wuni a ciki tukuna.