Ranar da Kallabi Ya Ƙara Mini Girma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama sajifam ba, daga hantsi zuwa azahar, alhali ko ƙofar ajin koyon karɓar haihuwa ban taɓa leƙawa ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni mataimakiya ce a wani ƙaramin gidan likita, a ƙauyenmu da ke tsakanin Malbaza da Illela. Mu uku ne masu aiki, ban da mai gadi: Majo, wato babban malamin jinya mai riƙe da wurin, da Madam Rakiya sajifam mai karɓar haihuwa, sai ni. Aikina shi ne awon jarirai, gwada zafin jiki, gyaran gado, wanke almakashi da tasoshi, goge ƙasa, da riƙe yaro in za a yi masa allura (shi ya sa yaran garin ba sa gaishe ni a hanya). Ina son aikina, kuma ina son rigar aikina fiye da yadda ya kamata mai hankali ya so tufa. Bulus muke ce mata. Tawa fara ce kamar ta Majo, ta Madam kuwa ruwan hoda ce, domin a wurinmu kalar masu karɓar haihuwa ke nan. Matan ƙauye ba ruwansu da wani ruwan hoda, su dai sun san mai jar riga ita ce mai ɗakin haihuwa.

Bulus biyu gare ni. Ɗaya tana wurin tela a lokacin, saboda aljihunta ya yage. Laifina ne, don babu abin da ba na cusawa ciki: almakashi, biro, filasta, safar hannu, wani lokaci har da gyaɗa. Ɗayar kuwa na jiƙa ta a baho da yamma, ana gobe kasuwar garinmu. To ruwa a wurinmu ba abin wasa ba ne, sai an je rijiya. Na dubi ruwan sabulun nan mai kumfa, na ce asara ce riga ɗaya ta cinye shi. Sai na jefa sabon jan kallabin da na sayo a Konni, wanda mai shago ya rantse mini da girman iyayensa ba ya zuba. Da magariba ta yi na ɗauraye su cikin duhu-duhu, na shanya, na shiga ɗaki ina yaba wa kaina tattali.

Da gari ya waye na fito, sai na ga rigar Madam a kan igiyar gidanmu. Na tsaya ina tunanin yaushe Madam ta kawo mana wanki. Sai da na ga tabon biro a bakin aljihu na gane tawa ce. Ta rine tas, gaba da baya, kamar a marina aka kai ta. Ƙarƙashin hammata kawai ya tona asiri, inda rigar ta naɗe cikin ruwa: can ya yi jirwaye, wani wuri fari, wani wuri ja wur kamar an yanka kaza. Na ɗauko kwalbar jabel, ruwan nan mai fitar da tabo, na girgiza, ko ɗigo babu. Ba yadda zan yi. Na goge ta da dutsen guga, na ninke, na sa a leda, domin dokar Madam ce ba a yawo da bulus a kan hanya.

Ranar Majo ya tafi Illela karɓo allurar rigakafi. Madam kuma ta kwana a kan aiki, ta wuce gida tun kafin in iso, ta bar mini saƙo wurin mai gadi cewa in wani abu ya taso in kira ta. Na ji daɗi ba kaɗan ba, don babu mai yi mini tambaya. Na sa rigata, na matse hannuwana a jikina saboda jirwayen nan, na fito baranda inda mata suka yi layin awo.

Kakata tana tuyar ƙosai a bakin ƙofar gidan likitan, shekara da shekaru. Ba gidanmu ɗaya da ita ba, saboda haka ba ta san labarin baho ba. Tana ɗago kai ta gan ni, sai ta ajiye matsami ta kare ido da hannu.

“Ke ja'ira, matso in gane ki. Wagga ba rigar masu amsar haihuwa ba ta?”

Nan ne ya kamata in yi dariya in faɗi gaskiya. Kalma uku ta isa. Amma na dubi layin matan nan, na ga duk sun zuba mini ido da wani irin kallo da ban taɓa samu ba tun da na fara aiki. Sai na sunkuyar da kai kamar mai kunya, na ce, “Kaka, Allah na ka yi.”

(Ku lura, ban yi ƙarya ba. Da wannan hujjar na riƙa lallashin zuciyata har azahar.)

Kaka ta rangaɗa guɗa. “Ayyururui! Ɗiyar Audu ta zama sajifam! Jama'a ku taho ku ci ƙosai, yau sadaka na!” Kafin in ce wani abu ta fara rabo. Ƙullun da za ta sayar yini guda na ranar kasuwa, shi ta riƙa soyawa tana miƙa wa duk wanda ya wuce. 'Yan kabu-kabu da ke jiran fasinja a gindin bishiyar bedi suka taso da baburansu. Masu zuwa kasuwa suka ratso. Kowa ya ci sai ya ɗaga murya ya ce, “Madam, Allah shi sanya alheri!”

Ni kuwa tafiyata ma ta canza. Na riƙa takawa a hankali, hannuwa a manne da haƙarƙari kamar kazar da aka ɗaure wa fiffike, kuma mutane suka ɗauka ƙasaita ce. Awon da nake yi kullum da raha, ranar da ɗaure fuska na yi shi. Wata ta tambaye ni maganin ciwon baya, na ce mata, “Za mu duba.” Ban san ni da wa ba. A raina na tsara komai: in an tashi zan saya wa rigar jabel, gobe in dawo da farata, in ce takardun ne ba su gama fitowa daga birnin Tawa ba.

Rana ta kusa tsakiya sai ga amalanken jaki ya shigo da gudu. Wasu makiyaya ne daga rugar da ke bayan gari. A kwance a ciki wata matashiya ce, daga baya na ji sunanta Dija, tana murƙususu, zaninta ya jiƙe. Mijinta na jan jaki, surukarta kuma, wata dattijuwa doguwa, ta diro ta nufo ni kai tsaye ta kama gefen rigata da hannu biyu.

“Alhamdulillahi da munka iske ki,” in ji ta. “Wancan cikin nata, gida munka tsaya, ɗan bai zo da rai ba. Anka ce muna in wanga ya tashi kar mu tsaya ko'ina, mu taho wurin mai jar riga. Ga ta nan, ɗiyata, amana ta.”

Muka kama Dija muka shigar da ita ɗakin haihuwa, na kwantar da ita. Zan faɗa muku abin da ban cika faɗa ba: akwai wata murya da ta raɗa mini cewa ai na sha ganin yadda Madam take yi, in rufe ƙofa kawai, in Allah ya sa ta sauka lafiya shi ke nan na zama sajifam har a bakin duniya. Sai Dija ta damƙe hannuna ta dube ni. Rigar take kallo, kuma na ga hankalinta ya ɗan kwanta saboda ita. Wannan kallon ya fi komai tsorata ni. Ta riga ta binne ɗa ɗaya, ga shi ta kawo na biyu wurin kallabi.

Na zaro waya na kira Madam. A kashe. Na sake kira, a kashe. Gidanta yana can ƙarshen gari, bayan makaranta. Hanya ɗaya ta rage, a tura babur. Baburan kuwa suna bakin ƙofa, tsakiyar taron masu cin sadakar ƙarin girmana.

Na fito baranda da gudu na ƙwala wa wani ɗan kabu-kabu kira. “Kai, Sale! Tai maza gidan Madam ka ɗauko ta, haihuwa ta taho!”

Ya juyo da ƙosai a baki. “Wace Madam kuma? Ba ga ki ba?”

Kaka ma ta sa baki daga wurin kasko. “Shiga ki yi aikinki, ja'ira, yau na ranar hwarawa!”

Babu lokacin kewaye-kewaye. Na ɗaga hannuwana biyu sama, don kowa ya ji, na buɗe murya iyakar ƙarfina: “Ni ba sajifam ba ta! Kallabina na yaz zuba ma rigar! Don Allah a kirawo Madam!”

Kun tuna hammata? Ni na manta. Ga ni tsaye a baranda, hannuwa a sama, jirwayen da na yini ina ɓoyewa a buɗe gaban rabin kasuwa. Sai wata daga layin awo ta ce, “Wallahi ko! Ku dibi ƙarƙashin hannunta!” Dariya ta ɓarke. Ban damu da kowa ba sai Kaka, wadda ta tsaya da matsami a hannu, tana duban robar ƙullunta da ta kusa ƙarewa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Sale dai, Allah ya saka masa, yana dariya yana tada babur.

Na koma ciki. Surukar ta ji komai. Ta dube ni ta ce, “To ke mi kika iya?” Na ce, “Inna, na iya shirya wuri, kuma ba ni barin ta.” Na shimfiɗa leda a gado, na jera kayan da na dafa da safe a tire, na ɗora ruwa, na ɗumama tsummokin karɓar jariri, na kwantar da Dija ta gefen hagu ina shafa mata baya. Fillancina bai wuce na sayen nono ba, amma na san “munyal”, wato haƙuri, shi na yi ta maimaita mata.

Madam ta shigo da zanin barci a ƙarƙashin hijabi, rigarta a leda. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, “Sannu Madam. In shigo?” Ba ta jira amsa ba ta wanke hannu.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Cibiya ta naɗe wuyan jaririyar, ta fito jiki a sake, ba kuka. Na ga hannuwan Madam suna aiki da saurin da idona ma bai iya bi ba. Duk abin da ta nema kafin ta rufe baki na sa mata a hannu. Ta share mata hanci da baki, ta murza bayanta, ta ɗora mata abin hura iska tana matsawa. Ni dai addu'a nake yi a zuci. Can sai yarinya ta yi wani ɗan tari, ta canyara kuka. Surukar ta zube a ƙasa tana hamdala, ni kuwa hawaye suka zubo mini, ban ko ɓoye ba.

Da komai ya lafa, rigata ta ɓaci da jini da ruwa har ba a gane kalarta. Madam tana cire safar hannu ta ce, “Da kin tsaya gwada jar riga, da yanzu wata magana muke yi. Amma kin buɗe baki da wuri, kuma na iske wuri shirye.” Ta miƙo mini kwalbar jabel. “Amshi. Ki wanke ɗaki, saura ki maida rigarki musulunci.”

Da aka tashi ta ƙofar baya na sulale, don ba ni da idon haɗawa da Kaka. Washegari na iso da farar rigata a leda tana warin jabel, ina sanɗa, sai na tarar da taro a bakin ƙofa. Kaka ce take rabon ƙosai kuma. Na ce shi ke nan, na haukata tsohuwa. Na durƙusa kusa da ita na ce, “Kaka, ki yahe mini. Wanga kuma na mine ne?”

Ba ta ko dube ni ba, tana juya ƙosai. “Na jiya na kallabi na, ya ci rabonai. Na yau naki na. Bahillatar ga ta biyo nan da sahe, ta ce mini jikata ta tona ma kanta asiri gaban kasuwa don jikarta ta rayu. Amshi, ci, kahin 'yan kabu-kabu su gama da shi.” Na karɓa ina ci ina share ido, ina cewa hayaƙi ne.

Yarinyar tana nan, tana gudu da ƙafarta, kuma in an kawo ta allura ni ke riƙe ta, saboda haka ita ma ba ta gaishe ni. Sunan Madam Kallabi kuwa ya bi ni har gobe, kuma ina amsawa. Farar rigata dai tun daga ranar ita kaɗai take kwana a bahonta, ko da rijiya za ta ƙafe. In kuma wani ya kira ni da girman da ba nawa ba, kafin in ce “Allah ne ke yi”, sai na ɗaga hannu na duba hammata.