Masoyan Yajin Malam Mijinyawa

Wani malami ne a sakandaren unguwarmu, Malam Mijinyawa. Shi dai ba a taɓa ambaton abin da bai iya ba. Ka ce kwamfuta, sai ya ce tun tana aiki da kananzir yake sarrafa ta.

Ana nan sai makaranta ta ɓullo da sabon darasi. Ɗalibai da malamai su rabu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kama sana'a, ya tallata ta a shafin makaranta na intanet. Kayan da suka fi shan yabo su za a kai gasar jiha.

"Rukuni?" in ji Mijinyawa. "Ni kaɗai gayya ne!"

Malama Hassu mai koyar da kwamfuta ta ce, "Malam, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka zo aji ko sau ɗaya."

"Ya danganta da hannun, Malama."

Ya kwashi yajin matarsa Larai, ya ɗura a kwalba, ya ɗora hotonsa a shafin. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Su kuwa yara masu zoɓo da sabulu, yabo sai zuba yake.

Gogan ya ce ba za ta saɓu ba. Ya kulle ofis, ya duƙufa kan waya, ƙat-ƙat-ƙat, yana rubuta wa kansa yabo da bakin baƙi. Da ya leƙa ajin nan, da ya ji cewa duk abin da mutum ya rubuta, da sunansa da hotonsa yake fita.

Ranar yanke hukunci zaure ya cika maƙil, har da iyaye. Aka haska shafin a bango. Mijinyawa ya harɗe a gaba yana shafa gemu. Malama Hassu ta fara karantawa:

"Ni attajiri ne daga Dubai, yajin nan ya warkar min da sanƙo."

A gefe ga hoton Mijinyawa, hula a karkace.

"Ni tsohuwa ce daga Agadas, lasa ɗaya haƙorana suka sake tsirowa."

Hular dai ce. Yara suka fara ƙiƙi-ƙiƙi.

"Ni budurwa ce, wallahi mai yajin nan nake so da aure."

Zaure ya ɗauka, ɗiii! Mijinyawa ya nemi ƙasa ta tsage, siminti ya ƙi.

Sai Larai ta miƙe daga layin iyaye, ta gyara mayafi.

"Malam, ni na amince. Tunda gemunku ɗaya da amaryar, daga yau ita za ta riƙa daka maka yajin."