Ƙasar Ɗakin Malam

"...ya gajiyar hanya? Au, ashe maigidan nawa ne. Da bokiti wayam? Haka ake zuwa gai da mata?"

Hajiya Uwa ke nan, tana zaune a tsakar gidanta a Katagum, kusa da tulin ƙasar ɗakin marigayi mijinta Malam, wanda ambaliyar bara ta rusa. Jikanta Zayyad ne ya iso daga Azare, duk ya rame. Tun da ya gama karatu aiki ya ƙi samuwa, sai ya koma kiwon kunamu a akwatin gilashi, su yake wuni kallo.

"Lafiya lau, amarya mai haƙori biyu. Ƙasa na zo nema."

"Ta Azare ta ƙare ne, ko kun cinye?"

"Kunamuna ne ke mutuwa, Hajiya. Saura guda."

"To, ya haƙuri? An yi musu wanka, ko haka aka binne?"

"Ke dai ba ki da tausayi. Irin masu haƙa rami ne. Na zuba musu yashin kogi, suna haƙawa ramin ya rufta musu. Na sa laka, ta bushe ta zama dutse, suka yi ta karta har suka gaji. Na kawo baƙar ƙasar lambu, ta riƙe ruwa ta yi funfuna."

"Jikokin mutane suna kiwon tumaki, ni nawa ya rasa abin so sai wanda ake bi da takalmi."

"Su dai ba sa tambayata yaushe zan yi aure."

"Wace mai tsautsayi ce za ta shiga ɗakinka? Ni ma sakina za ka yi yau."

"Wa zai kwashe ki? Bari in samu ƙasar tukuna. Tsohuwar ƙasar gini ake so, mai haɗin yashi da jar ƙasa. Ita ce ke riƙe rami."

Ya faɗa yana kallon tulin ƙasar. Hajiya ta bi idonsa.

"Ɗakin Malam ne fa. Ƙasar da ta kasa riƙe ɗaki ce za ta riƙe rami?"

"Shekara da shekaru ta riƙe shi, ga mitarki a ciki."

Ba ta yi dariya ba.

"Kawunnanka sun ce bayan girbi za a tayar da shi. Girbin ma ruwa ya ci, kowa ya bar zancen. Ni kaɗai nake share gefensa kullum, kamar wani zai fito ya ce min sannu."

Zayyad ya ajiye bokitin, ya zauna a bakin tabarma.

"Ni ma duk inda na je neman aiki, sai a ce in dawo. Abokaina sun daina kirana. In wannan gudar ta mutu, ban san me zai riƙa fito da ni daga shimfiɗa ba."

"Sallah mana, malalaci."

Sai ta jawo tsohuwar fartanya daga bayan randa, ta tura masa.

"Ɗebi ta gefen gabas, inda yake shimfiɗa buzunsa. Malam bai taɓa korar kowa daga ɗakin nan ba, ko da mai dafi ne."

"Shi ya sa kika daɗe a ciki."

Dariya ta ƙwace mata, har sai da ta share ido da bakin mayafi.

"Cika bokitinka ka ɓace min da gani, ɗan banza."