Rasuwar Lekta, Alƙaliyar Shagon Njidda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Malam Njidda tela na unguwar Briqueterie a Yaoundé yana sanar da 'yan uwa da abokan hira rasuwar na'urarsa ta DVD, wadda kowa ya sani da suna Lekta. Ta rasu ranar Laraba bayan la'asar a kan kantarta, tsakanin keken ɗinki da tulin shadda. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Hannun mutum ne, kuma an san mai hannun.

Daga kasuwar Mokolo Njidda ya ɗauko ta tun yana saurayi. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa raina faifai ba. Wanda ya karce ma takan karɓa, ta yi "ziiit, kir-kir-kir", ta ɗan yi tunani, sannan ta kawo hoto. An sha ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba ta riƙe kowa a zuci ba. Amma babban aikinta alƙalanci ne. Shekara da shekaru ana musu a bencin shagon kan wace shekara ce fim ɗin Hausa ya kai ƙololuwa. Njidda yana kan 2003, lokacin da labari ke da kai da gindi, ɗan wasa in ya yi kuka kai ma sai ka share ido. Abdulmajid mai soya, wanda ke gasa nama a bakin layi, ya kafe kan 2016, wai hoto ya fi fitowa tas, kyamara har tashi sama take yi. Njidda yakan ce in hoto ake so, sai a je a kalli kalanda. Dokar bencin ɗaya ce: ba a karɓar shaidar waya. Mai hujja ya kawo faifai a sa a Lekta kowa ya gani.

Faifai ɗaya tak Abdulmajid yake da shi na shekarar tasa. Surukinsa ne ya kawo masa daga Kano, kuma ya sha rantsuwa cewa duk Yaoundé babu na biyunsa. Ran Laraba ya zo da shi a naɗe cikin takardar da yake ƙunshe nama. Da ya ga ya yi maiƙo, sai ya goge shi da tsumman da yake goge wuƙa. Njidda na can yana auna wa wata mata zane, kafin ya juyo bawan Allahn nan ya riga ya tura wa Lekta faifan, da mai da yaji da komai.

Marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce "ziiit". Ta ce "kir... kir...". Sai ƙaurin yaji ya tashi, ta yi "ƙas!", ta rufe baki da faifan a cikinta. Abdulmajid bai ko yi salati ba, cewa ya yi dama ta tsufa, a ciro masa kayansa. Wannan maganar Njidda bai yafe ba, kuma ba ya shirin yafewa.

An garzaya da ita unguwar Messa wurin Sabiru mai gyara. Ya duba ya ce mai ya makantar da idonta, babu sauran magani, amma yana iya kwance ta ya zaro faifan lafiya lau. Njidda ya ce a'a. Ta sha wahala da ranta, ba mai yi wa gawarta tiyata.

Ta bar mijinta, akwatin talabijin, wanda tun ranar fuskarsa ta koma shuɗiya bai ce uffan ba. Ta bar 'ya'ya uku, wayoyi ja da fari da rawaya, da ƙaninta telekomand, wato rimot, wanda dama da roba ake ɗaure masa batir. Ta kuma bar kwali biyu na fina-finan 2003, dukkansu cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan shago. Njidda da kansa ya ɗinka mata likkafani da ragowar farar shadda, ya yi ɗinki biyu don kada wani ya yi ƙoƙarin farkewa. Magini zai zuba siminti a kai. Za a binne ta yadda ta mutu, da abin da ke cikinta. An keɓe wa Abdulmajid wuri a sahun gaba don ya gani da kyau.

Zaman makoki kwana uku ne. Maƙwabciya Saliha ta ba da aron tata na'urar, za a kalli fina-finan 2003 daga safe har magariba. Masu ta'aziyya su wanke hannu a ƙofa, kuma kada a kawo soya. Bayan addu'a musu zai ci gaba bisa tsohuwar doka. Duk mai cewa 2016 ta fi, bismillah, ya kawo faifai.